Ƙwallon Hannu na Mata a Wasannin Afirka: Darasi ga Gobirawan Isa da Sabon Birni

Jawabin da Kwamitin Ilimi da Matasa ya gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Gabatarwa

Muna godiya ga shugabannin Ƙungiya da suka ba wannan kwamiti damar tsayawa gaban iyaye da yayye domin ya faɗi albarkacin bakinsa. Mun san cewa da yawa daga cikin mahalarta, da suka ga taken jawabin nan a takardar tsarin taro, sun yi tambaya a zuci: mutanen da ke kwana da ido ɗaya, waɗanda gonakinsu suka gagara nomuwa, me ya haɗa su da zancen ƙwallo, ƙwallon ma na mata? Tambaya ce mai kyau, kuma ita za mu yi ƙoƙarin amsawa. Abin da muke roƙo shi ne a ba mu aron kunnuwa har mu kai aya, domin maganar za ta faro ne daga manyan filayen wasa na Afirka, amma inda za ta sauka shi ne harabar makarantun 'ya'yanmu mata a Isa da Sabon Birni.

Wane wasa ake nufi?

Da yake a bakin jama'a akan kira duk wasan da ba a sa ƙafa a cikinsa da sunan ƙwallon hannu, ya kamata mu fara bambancewa. Akwai ƙwallon kwando, wanda ake jefawa cikin zobe a bisa. Akwai ƙwallon raga, wanda ake dokawa ta saman raga da aka ɗaura a tsakiyar fili. Wanda muke magana a kansa shi ne mai gida biyu kamar ƙwallon ƙafa, kowane gida da mai tsaronsa, sai dai da hannu ake miƙa ƙwallon, da hannu kuma ake jefa shi cikin raga.

Filinsa mita 40 ne a tsawo, mita 20 a faɗi. Ragar kuwa mita 3 ce a faɗi, mita 2 a tsayi. Kowane ɓangare na fitar da 'yan wasa 7, wato 6 a fili da mai tsaron gida. Manya na yin minti 30, a huta minti 10, a dawo a yi wasu 30. Ba a yarda 'yar wasa ta yi taku fiye da 3 da ƙwallo a hannu ba, ko ta riƙe shi fiye da daƙiƙa 3, sai dai ta miƙa, ko ta jefa, ko ta riƙa buga shi da ƙasa. A gaban kowace raga akwai da'irar mita 6 wadda mai tsaron gida kaɗai ke da ikon takawa, kuma idan aka yi wa wadda ke shirin ci ƙeta, alƙalin wasa kan ba da jifa daga layin mita 7, daga ke sai mai tsaron gida. Ƙwallon da mata ke wasa da shi kewayensa santimita 54 zuwa 56 ne, nauyinsa bai wuce giram 375 ba, ana iya damƙarsa da hannu ɗaya.

Wani abin lura a tarihin wasan shi ne, dokokin da aka wallafa a birnin Balin na Jamus ranar 29 ga Oktoba, 1917, waɗanda ake ƙirga su cikin tushen wasan na zamani, wani malamin motsa jiki mai suna Max Heiser ya tsara su ne domin mata, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. An kafa hukumar wasan ta duniya a 1946, mata kuma suka fara buga shi a gasar Olamfik a 1976. Hukumar wasan ta Afirka kuwa a nan gida Nijeriya aka haife ta, a Legas, cikin watan Janairun 1973, lokacin da ƙasarmu ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na biyu. Hedikwatarta na birnin Abijan.

Tarihin gasar mata a Wasannin Afirka

Wasannin Afirka babban taro ne da ƙasashen nahiyar ke haɗuwa su fafata a wasanni iri-iri, daga tsere da dambe har zuwa ƙwallo. An fara su a Barazabil a 1965. Maza sun buga ƙwallon hannu tun daga wancan karo na farko, amma sai a Aljiyas a 1978 aka buɗe wa mata ƙofa, inda masu masauki, matan Aljeriya, suka ɗauki lambar zinariya. A Nairobi a 1987 matan Kodebuwa ne suka yi nasara.

Daga nan sai Angola ta shigo fage. Ta ɗauki zinariya a Alƙahira a 1991, ta maimaita a Harare a 1995, ta sake a Johanasbag a 1999. Da aka zo Abuja a watan Oktoban 2003, inda Nijeriya ta zo ta ɗaya a jimillar lambobin yabo na dukkan wasanni, zinariyar ƙwallon hannu ta mata Kamaru ce ta tafi da ita. Bayan wannan Angola ta sake karɓe kambinta, ta riƙe shi a Aljiyas a 2007, da Maputo a 2011, da Barazabil a 2015, da Rabat a 2019, da kuma Akara, a wasannin 2023 da aka jinkirta zuwa watan Maris na 2024. Idan aka haɗa lissafi, daga 1978 zuwa gasar Akara an yi wannan fafatawa sau 11, Angola ta lashe 8, Aljeriya da Kodebuwa da Kamaru kowacce ta samu ɗaya. Nijeriya, mai yawan jama'ar da babu kamarta a nahiyar, ba ta cikin wannan jeri. An ba ƙasar Masar baƙuncin wasannin 2027.

Wannan ba ya nufin matan Nijeriya ba su taɓa ɗanɗana ɗaukaka ba. A 1991 sun lashe gasar cin kofin Afirka ta ƙwallon hannu ta mata, wadda gasa ce daban da Wasannin Afirka, nasarar da ta ba su kujerar wakiltar nahiyar a Olamfik na Basalona a 1992, cikin ƙasashe 8 kacal na duk duniya. Koriya ta Kudu ce ta ɗauki zinariya a can, mu kuwa muka ƙare a matsayi na 8. Tun daga lokacin ƙwallon hannu na Nijeriya bai sake taka filin Olamfik ba. Angola kuwa, tun da ta fara zuwa a 1996, ba a yi Olamfik ba tare da ita ba har zuwa na Faris a 2024. Ta zo ta 7 a gasar duniya da aka yi a Faransa a 2007, ta kai zagayen ƙasashe 8 na ƙarshe a Olamfik na Riyo a 2016, sannan a watan Disamban 2024 ta ɗauki kofin Afirka karo na 16 a Kinshasa.

Me Angola ta yi?

A nan ne muke son iyayenmu da 'yan'uwa su ƙara natsuwa. Angola ta faɗa yaƙin basasa tun daga samun 'yancin kanta a 1975, kuma wutar ba ta mutu ɗungurungum ba sai a 2002. Kofin Afirka na farko da matanta suka ci a 1989, da zinare uku na 1991 da 1995 da 1999, duk sun zo ne a cikin waɗannan shekaru da ƙasar ke binne 'ya'yanta, miliyoyi suna gudun hijira. Yawan jama'arta kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na namu ba.

Domin adalci, dole mu faɗi cewa suna da abin da ba mu da shi. Manyan kulob-kulob biyu da suka riƙe wasan a Luwanda suna da iyayen gida masu ƙarfi: Primeiro de Agosto, da aka kafa a 1977, na rundunar sojan ƙasar ne, Petro Atlético kuma, da aka kafa a 1980, kamfanin man fetur na ƙasa ne ke ɗaukar nauyinsa. Sannan babban birnin bai ga irin ɓarnar da garuruwan cikin ƙasa suka gani ba. Amma Nijeriya ma ƙasar mai ce, tana da sojoji da manyan hukumomi. Bambancin shi ne waɗannan kulob-kulob sun riƙa ɗaukar yara mata tun suna ƙanana, suna renonsu mataki-mataki, shekara bayan shekara, ba tare da sun ce sai an gama yaƙi za a fara ba. Kafin gwanaye irin su Marcelina Kiala su ajiye wasa, an riga an reni na bayansu irin su Albertina Kassoma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar da ke tara 'yan wasa makonni kaɗan kafin gasa ba za ta kayar da wadda ta shafe shekaru goma tana renon nata ba.

Darasin ke nan: lambar zinariyar da ake ratayawa a Rabat ko Akara, a filin firamare ake fara ƙera ta.

Tsanin da ke Sakkwato

Wani abin alfahari da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, jiharmu na cikin jihohin da aka sani da ƙwallon hannu a Nijeriya. Muna da ƙungiyar maza ta Rima Strikers da ta mata ta Rima Queens, waɗanda suka buga babbar gasar lig ta ƙasa. Sakkwato ta sha karɓar baƙuncin gasar ƙasa ta yara 'yan ƙasa da shekara 12 da 15, maza da mata, a filin wasa na Giginya. Maƙwabtanmu ma ba a bar su a baya ba: Katsina na da Desert Queens, Kaduna na da Kada Queens, Filato na da Plateau Peacocks. Akwai kuma ƙungiyoyin hukumomi, kamar Safety Babes ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da Defender Babes ta rundunar Sibil Difens, inda wasa kan zama wa yarinya ƙofar samun aikin gwamnati. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi ake zaɓen masu sa rigar Nijeriya.

Ashe ke nan tsanin yana nan a kafe: daga makaranta zuwa gasar yara ta jiha, daga nan zuwa Rima Queens, daga nan zuwa tawagar ƙasa, daga nan zuwa Wasannin Afirka. Har sunan ƙungiyar daga gulbinmu aka aro shi, Gulbin Rima da ke ratsa ƙasar Sabon Birni kafin ya gangara Goronyo da Wurno ya isa Sakkwato. Tambayar da ta rage ita ce, yarinyar Gatawa ko Tsamaye ko Unguwar Lalle, ko ta Bargaja ko Turba ko Tidibale, ta ina za ta sa ƙafa a matakin farko na wannan tsani?

Matakin da ya karye

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ba za mu tsawaita ba. Tun daga 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi, musamman ƙasar Gidan Runji, wasu aka tsugunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A watan Disamban 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana 16 na yankunan kan iyaka, cikinsu har da na Isa da na Sabon Birni da kwalejin fasaha ta Bafarawa, aka mayar da ɗalibai wasu wurare. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Zamfara, lamarin da ya sa iyaye da yawa a duk wannan shiyya suka ƙara ɗari-ɗari da karatun 'ya mace. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙone matafiya fiye da 20 a cikin mota a Gidan Bawa, kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A watan Agustan 2024 kuma muka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindiga. Allah Ya jiƙan su da rahama, Ya sa Aljanna ce makomarsu.

A duk lokacin da irin wannan musiba ta auka wa gari, wadda ake fara cirewa daga makaranta ita ce 'ya mace, ita ce kuma ta ƙarshen komawa. Namiji akan tura shi birni wajen ɗan'uwa ya ci gaba da karatu. Ita kuwa sai ta tsinci kanta a talla, ko aikatau a gidajen birni, ko a yi mata aure ba don lokacinsa ya yi ba, sai don uba ya rage nauyi da fargaba. Yarinyar da ta shekara biyu ko uku ba ta shiga aji ba, ta ga abin da idon babba ma ba ya so ya gani, ba a dawo da ita makaranta da allo da alli kawai. Tana bukatar abin da zai sa ta yi ɗokin wayewar gari, da ƙawayen da za su neme ta in ba ta zo ba, da malamar da ta san sunanta. Ƙungiyar wasa a cikin makaranta tana samar da waɗannan abubuwa uku a lokaci ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka kawo zancen ƙwallo gaban wannan taro mai albarka.

Me ya sa ƙwallon hannu?

Na farko, ba ya cin fili. Murabba'in mita 800 ya ishe shi, alhali babban filin ƙwallon ƙafa ya kusa ninka haka sau 9. Ga ƙananan yara ma akwai tsarin da ake ragewa zuwa kimanin mita 20 da 13, a yi wasa da yara 5 a kowane ɓangare. Ma'ana, ana iya shata shi a cikin katangar makaranta, ƙarƙashin idon malamai, ba sai an fita bayan gari ba. A halin da muke ciki wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Na biyu, ba ya cin kuɗi. Ƙasa mai tauri da aka share aka daddaɓe, da raga biyu da kowane mai walda a kasuwar Isa ko ta Sabon Birni zai iya haɗawa da bututun ƙarfe, da toka ko farar ƙasa ta ja layi, da ƙwallaye kaɗan, da usur, sun isa a fara. Siminti da rumfa su biyo baya in Allah Ya hore.

Na uku, hannun ɗiyan Gobir ba baƙo ba ne ga jifa da cafewa. Yarinyar da ta tashi tana carafke, tana 'yar gala-gala da ƙafa ɗaya, tana tafi da tsalle a gaɗa, wadda ke cilla taɓarya sama a wurin lugude ta tafa ta cafe ba tare da ta ɓata kiɗan turmi ba, ta riga ta mallaki saurin ido da ƙarfin dantse da sanin lokaci, waɗanda masu horarwa ke shan wahalar koyarwa. Dandalin da ake waɗannan wasanni da dare tsoro ya tashe shi a garuruwa da yawa. Filin makaranta da rana zai iya maye wani ɓangare na gurbinsa.

Na huɗu, kamar yadda muka nuna, wasa ne da jiharmu ke da masana da gasa da ƙungiya a kansa. Ba sabuwar hanya za mu sara ba, reshe kawai za mu ja ya iso gida.

Damuwar iyaye da malamai

Mun san akwai masu cewa wasan guje-guje bai dace da 'ya mace Musulma ba. Wannan damuwa ce ta masu kishin tarbiyya, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Malamanmu da ke zaune a nan sun fi mu sanin ingantaccen labarin tseren da Manzon Allah (SAW) ya yi da Uwar Muminai Nana A'isha (RA), ta tsere masa a karon farko, ya tsere mata a wani karon bayan shekaru. Abin da shari'a ke kiyayewa shi ne sutura da kauce wa cuɗanya, kuma duka biyun suna hannunmu. Matan ƙasar Iran sun buga gasar duniya a Sifen a 2021 da lulluɓi da dogayen riguna da wanduna, har aka zaɓi mai tsaron gidansu, Fatemeh Khalili, a matsayin gwanar wasan da suka yi da Nowe, ƙasar da ta ɗauki kofin a wannan shekara. Abin da muke ba da shawara shi ne wasa na mata zalla, malama mace ke koyarwa, cikin katanga, da suturar da malamanmu da iyayenmu mata suka amince da ita.

Ta fuskar al'ada kuwa, Gobir ba ta taɓa ɗaukar mace a matsayin 'yar kallo ba. Tun zamanin Alƙalawa, birnin su Bawa Jan Gwarzo, sarautar Inna na tsaye kusa da ta Sarki: mace daga gidan sarauta, shugabar mata, mai faɗa a ji a fada, kuma sarautar ta bi Gobirawa har Tsibiri. A ɗaya ɓangaren tarihinmu, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke jagorantar matan ƙauyuka zuwa neman ilimi, su komo su koyar da na gida, a zamanin da shi ma hanyoyi ba su da cikakken aminci. Ko ta wace fuska muka duba, mun gaji tsarin da mata ke jagorantar mata. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma masu cewa mai jin yunwa hatsi yake bukata. Gaskiya ne, kuma ba mu nemi a taɓa ko kwabo daga asusun tallafin 'yan gudun hijira da marayu ba. Abin da muke nema ƙarami ne, daga wata jaka daban. Hatsin da muka kai bana zai ƙare kafin kaka, dole mu sake kaiwa. Yarinyar da aka riƙe a makaranta har ta gama sakandare, ita ce malamar firamare ko ungozomar asibitin da garuruwanmu ke nema ido rufe, domin ma'aikatan da ake turowa daga nesa ba su cika son zama ba.

Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, kwamiti na gabatar wa taro waɗannan shawarwari:

1. A fara da makarantun jeka-ka-dawo guda biyu da ke da katanga, ɗaya a cikin garin Isa, ɗaya a cikin garin Sabon Birni, bayan an nemi izinin hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin biyu da albarkar iyayenmu sarakuna. Kada a faɗaɗa sai an ga yadda waɗannan suka kama ƙasa.

2. Reshen Sakkwato ya nemi makaranta ɗaya a unguwannin da 'yan gudun hijirarmu suka fi yawa, a kafa ƙungiya ta uku a can, tunda yaran suna kusa da filin Giginya da masu horarwa.

3. A zaɓi malamai mata biyu daga kowace makaranta, 'yan asalin garin, Ƙungiya ta ɗauki nauyin zuwansu Sakkwato lokacin hutu domin su koyi dokokin wasan da hanyar koyar da shi. A rubuta wa ma'aikatar wasanni ta jiha da ƙungiyar ƙwallon hannu ta jiha takardar neman taimakon masu horarwa. A kuma yanka wa malaman ɗan alawus na wata-wata, domin aikin sa kai kan gaji.

4. Sharaɗin shiga ƙungiya shi ne zuwa aji. Wadda rajista ta nuna tana fashi ba za ta taɓa ƙwallo ba sai ta gyara. Kowace yarinya kuma sai da yardar mahaifinta ko waliyyinta.

5. A yi atisaye a cikin lokacin makaranta ko da an tashi, kowa ta isa gida kafin la'asar sakaliya. Babu ɗaukar yara a mota tsakanin Isa da Sabon Birni ko zuwa Sakkwato sai shugabannin Ƙungiya na gida da jami'an tsaro sun tabbatar da lafiyar hanya. Ran yarinya ɗaya ya fi kowane kofi.

6. A kafa ƙaramin kwamiti na iyaye mata a kowane gari, da malama ɗaya ta Islamiyya a ciki, su ne za su tsayar da irin suturar wasa, su kuma sa ido kan tarbiyya.

7. Kowane reshe ya ɗauki abu guda ya ƙare shi: wani raguna, wani ƙwallaye da famfon hura su, wani takalma da riguna, wani alawus ɗin malamai na shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwanmu mata da ke aiki a birane, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da 'yan kasuwa, muna roƙon kowacce ta ɗauki yarinya ɗaya daga cikin 'yan wasan ta riƙa biyan kuɗin littattafanta da na jarrabawa.

8. A mujallar baɗi a buga rahoto ƙarara: nawa aka tara, nawa aka kashe, yara nawa suka shiga, nawa daga cikinsu suka dawo makaranta bayan sun daina zuwa, nawa suka ci gaba zuwa aji na gaba. Wannan lissafi na ƙarshe shi ne ma'aunin nasara, kafin a zo maganar cin wasa.

Kammalawa

Mai girma Shugaban taro, iyaye da 'yan'uwa, ba mu zo mu yi alkawarin cewa ɗiyar Gobir za ta sa rigar Nijeriya a Masar a 2027 ba. Lokacin ya yi kusa, renon 'yar wasa kuwa kan ci shekaru takwas zuwa goma. Amma yarinyar da ke aji huɗu na firamare a yau, idan aka miƙa mata ƙwallo a bana, shekarunta za su kai na shiga tawagar ƙasa nan da Wasannin Afirka biyu ko uku masu zuwa. Wataƙila a cikin ɗari ɗaya ce za ta kai can. Sauran casa'in da taran za su fito da lafiyar jiki, da takardar sakandare, da sanin yadda ake aiki tare da wasu, da ƙwarin guiwar tsayawa gaban jama'a. Babu asara a cikin wannan ciniki.

Yawancinmu da ke zaune a wannan zaure 'ya'yanmu mata na karatu a makarantun birni masu filin wasa da motar kai da komowa. 'Ya'yan yayyenmu da ƙannenmu da suka rage a gida jininsu ɗaya da namu, ba su kuma fi su laifin komai ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Zaman lafiya na hannun Allah, sannan yana wuyan hukuma, kuma ba za mu daina matsa mata lamba a kansa ba. Amma shata fili mai mita 40 da 20 a cikin makarantar garinmu yana cikin ikonmu tun daga wannan wata. Muna roƙon taro ya amince da waɗannan shawarwari, kuma kafin a watse kowane reshe ya faɗi abin da ya ɗauka, sakatare ya rubuta.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da 'yan gudun hijirarmu gidajensu lafiya, Ya ƙara wa iyayenmu sarakuna lafiya da nisan kwana, Ya shirya mana zuriya maza da mata, Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya. Amin.